Kafin ka sayi na'urar faks a Garwa ko Marwa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ƙananan ofisoshi. Ka fara tabbatar da kana da layin tarho na gida, irin na Camtel, don faks ba ta aiki da layin salula. In babu shi, adana sefarka, imel ya ishe ka.

In kuwa abokan cinikinka sun nace, don Allah ka guji na'ura mai amfani da takardar nan da ke zuwa a naɗe. Zafinmu na Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, rasit ɗin da ka ajiye a durowa sai rubutunsa ya dushe, ranar da ake gardamar kuɗi ba ka da shaida. Mai tawadar ruwa kuma bushewa take in ta daɗe ba a taɓa ta ba. Ni dai mai tawadar gari na fi so, wadda ta haɗa faks da kwafi da buga takarda, kamar na Brother ko Canon. Amma ka tambayi mai shago ko ana samun tawadarta a kasuwarku kafin ka biya.

Duba bayanta kuma: wutarmu 220 ce, 'yar gwanjon Amurka mai 110 ƙonewa za ta yi. Lokacin hunturu a riƙa lulluɓe ta saboda ƙura.