Yadda za ka sa distoshin a manhajar ganga ba tare da ka ɓata kiɗanka ba

Masu haɗa kiɗa a situdiyoyin Bauchi, daga Wunti har Yelwa, sukan yi saɓani a kan ko ya dace manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar ganga ta zo da distoshin, wato abin da ke sa sauti ya yi kaushi, a cikinta. Masu ƙi suna da hujja, domin na'urorin ganga na asali, wato Roland TR-808 da ta fito a 1980 da TR-909 da ta biyo bayanta a 1983 ba su da maɓallin distoshin ko kaɗan. Masu so kuma suna cewa sautin da kunne ya saba da shi sai da ya ratsa mikisa da tef da aka cika wa ƙarfi kafin ya iso ga jama'a, kuma tun a 1997 manhajar ReBirth RB-338 ta kamfanin Propellerhead na ƙasar Suwidin, mai kwaikwayon irin waɗannan na'urori, ta zo da nata distoshin. Ra'ayina shi ne ya zo, amma da sharaɗi biyu: a iya kashe shi gaba ɗaya, kuma a iya ɗora shi a kan kowace ganga ita kaɗai.

Kafin ka taɓa komai, ka fahimci abin da yake yi. Distoshin yana daddatse ƙololuwar sauti, kuma wannan datsewar ce ke haifar da ƙarin sautuka a sama da na asali. Kik ɗin 808, wato babbar ganga mai kaurin sauti, yana zaune ne a wajen haz 50 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirancin sauti), can ƙasa inda lasifikar waya ba ta kaiwa. Idan ka ba shi distoshin kaɗan, sai a samu wasu sautuka a ninkin wannan adadi, irin su haz 100 da 150 da 200 har zuwa sama, kunne kuma ya ji su ya ciko sauran da kansa. Aikinsa ɗaya da igiyar da makaɗi ke ɗaura wa fatar ganga don ta riƙa zuza a ji ta daga nesa. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a wurinmu, domin yawancin masu sauraron waƙarka a waya za su ji ta, ko a ƙaramar sifika a shagon tela, ko a cikin Keke Napep.

Mataki na farko shi ne ka kashe duk wani distoshin da manhajar ta zo da shi a kunne, ka daidaita ƙarfin gangunan a yadda suke, har sai kiɗan ya zauna. Daga nan ka duba inda distoshin ɗin yake. Idan yana kan mafitar da ta tattara dukkan gangunan ne, ina ba ka shawara ka bar shi a kashe. Dalili kuwa, kik ya fi kowa ƙarfi, shi ne zai fara kaiwa inda ake datsewa, saboda haka duk lokacin da ya buga sai ya danne hayhat (faifan ƙarfe mai siririn sauti) da tafi, su riƙa shaƙewa suna dawowa, sautin ya cakuɗe. Ita kanta TR-808 ta asali tana da mafita daban-daban a bayanta domin a fitar da ganguna a rarrabe, kuma manhajoji irin su Nepheton da Drumazon na D16 Group sun riƙe wannan tsari. Ka aika kik zuwa layinsa a mikisar FL Studio ko Cubase, sineya (ƙaramar ganga mai zuza) da tafi su ma kowanne da nasa.

A kan layin kik ɗin ne aikin yake. Ko da distoshin na cikin manhajar kake amfani, ko da Fruity Fast Dist ko Fruity WaveShaper, ka ɗaga ƙarfinsa a hankali har ka ji kaushi ya bayyana, sannan ka ɗan ja baya. Abin da mutane da yawa ke tsallakewa a nan, kuma shi ya fi damuna, shi ne rage ƙarfin fita. Distoshin yana ƙara ƙara, kunne kuwa yakan ɗauki mai ƙara a matsayin mai daɗi. Ka sauke ƙarfin har ya yi daidai da na farko, ka riƙa kunna distoshin ɗin kana kashe shi, idonka a rufe, sannan ka yanke hukunci. Idan ka lura gindin kik ɗin ya yi sirantaka, ka kwafe shi ya zama layi biyu, ka bar ɗaya tsaf yadda yake, ka gurɓata ɗayan sosai da distoshin, ka yanke masa ƙasa da Fruity Parametric EQ 2, sannan ka shigo da shi kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin na farkon.

Sineya da tafi suna ɗaukar ɗan kaushi. Hayhat kuwa ka ƙyale shi, domin sautinsa yana sama sosai, kuma a aikin da aka buɗe a haz 44,100, wato kwamfuta tana auna sautin sau 44,100 a daƙiƙa, duk abin da ya haura haz 22,050 yakan dawo ƙasa a matsayin ƙara marar daɗi. Idan kiɗan yana da kalangu ko muryar mawaƙiya mai zaƙi, ka kula kada kaushin kik ya hau inda suke, domin a waƙar Hausa murya ce a gaba.

Bayan ka gama, ka fitar da waƙar ka tura ta wayarka, ka saurara ba da abin kunne ba, sannan ka gwada ta a babbar lasifika irin ta gidan biki. Idan kik ya ɓace a waya, ka ƙara ƙarfin layin da ka gurɓata. Idan kuma yana tsagewa a babbar lasifika, ka rage shi ka sake gwadawa.