Yadda Za Ki Shawo Kan Yaro Mai Ƙin Cin Abinci

Da farko ki raba shi da alawa, biskit da lemon kwalba awa 2 kafin lokacin abinci. Cikin ɗan shekara 2 ƙarami ne, da ya cika da zaƙi shi ke nan.

Sai ki zuba masa kaɗan, cokali 3 ma ya isa. Ki haɗa shi kwano ɗaya da yayyensa, don abin da yaro ya ga ana rububi shi yake miƙa wa hannu.

Ganye kuwa dabara yake so. Ki yanka alayyafo ko zogale ƙanana cikin faten wake ko na tsaki, ki murmushe dafaffen ƙwai a kai. In kin shiga kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada, ki sayo masa gwanda da ayaba. Gyaɗa da aya guda-guda dai kar ki ba shi, suna shaƙe yara. Gyaɗar ta fi a kunu.

In ya ƙi, ban da ɗura, ban da tsawa. Ki ɗauke kwanon, ki sake gwada masa irin abincin da ya ƙi bayan kwana 2. Wani yaron sai an gwada sau 10 ko fiye kafin ya karɓa.