Yadda Jihar Kebbi Za Ta Auna Ribar Tallafa wa Masu Shirya Fim Kafin Ta Saki Kuɗi

Idan aka tashi maganar jawo masu shirya fina-finai zuwa Kebbi, wurare ake fara lissafawa: Matan Fada a Argungu, inda ake bikin kamun kifin da UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016, da Gidan Tarihi na Kanta, da bikin Uhola na Zuru, da bikin Rigata na Yawuri. Wurare kam Allah ya hore mana. Abin da ya rage wa ma'aikatar al'adu da 'yan majalisar dokoki shi ne su san ko kuɗin jama'a da za a zuba zai dawo.

A fara da duba abin da ya sami waɗanda suka riga mu. Tun 2008 jihar Jojiya ta Amurka take ba masu fim rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari na abin da suka kashe, da ƙarin kashi 10 idan suka sanya tambarin jihar a fim ɗin. Masu fim sun yi tururuwa, amma binciken da aka fitar a 2023 ya nuna cewa senti 19 kacal ke komawa baitulmalin jihar a kan kowace dala da ta yi rangwame. Jihar Mishigan ta Amurka kuwa ta kai rangwamenta har kashi 42, sannan ta soke shirin a 2015. Saboda haka duk wanda ya kawo wa gwamnati takarda mai cewa fim zai motsa kasuwa, a tambaye shi nawa ne zai shiga asusun jiha, domin hada-hada daban, kuɗin shiga daban.

A kuma tuna cewa harajin kamfanoni na gwamnatin tarayya ne, jiha ba ta da ikon yafe shi. Abin da ke hannunta shi ne ta mayar wa furodusa wani kaso na kuɗin da ya kashe, ko ta yafe masa kuɗin izini.

Aikin da ya fi muhimmanci shi ne bin sawun kowace naira. Idan ayarin 'yan fim ya sauka Argungu, mai masauki zai ba da ɗakuna, matar da aka ba kwangilar abinci za ta ɗora tukunyar shinkafa tun da asuba, mai kwale-kwale zai yi jigilar kyamara, a sayi man janareta, a sallami matasan da suka cika fage. Wannan ne kuɗin da ya tsaya a Kebbi. Ladan jarumai da darakta, da hayar kyamara da fitilu, da aikin haɗa hoto da sauti, mafi yawansu Kano za su koma, kuma a ganina kuskure ne babba jiha ta biya tallafi a kansu. A rubuta a doka cewa abin da aka kashe a cikin jiha, a hannun mazaunanta, shi kaɗai ake lissafawa.

Kada a yi cinikin biri a sama. Sai an gama ɗaukar fim, furodusa ya kawo rasit da shaidar biya ta banki, ofishin babban mai binciken kuɗi na jiha ya tantance, sannan a biya. A ƙayyade adadin da ba za a wuce ba a kasafin kowace shekara, a sanya wa shirin wa'adi, a kuma wajabta ɗaukar 'yan jiha su koyi riƙe kyamara da sarrafa sauti, tunda aikin kwana goma ba sana'a ba ne.

Akwai abubuwa masu arha da furodusa zai fi murna da su: ofishi guda da zai ba shi izini cikin 'yan kwanaki, da jami'an tsaro a wurin aiki, da takardar gabatarwa zuwa fadar sarki. Kafin a sanar da komai kuma, a zauna da malamai da masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fina-finai a Kofa ta jihar Kano bayan malamai da jama'a sun nuna adawa, alhali Kano ce cibiyar sana'ar.