Yadda Ake Yi wa Fim Sharhi Ba da Son Rai Ba

Duk wanda ya saba zama a majalisar matasa a Jekadafari ko Pantami a Gombe bayan sallar isha'i, ya san da zarar an saki sabon kashi na fim mai dogon zango a Arewa24 ko YouTube sai gardama ta kaure, amma ba kasafai ake jin dalili ba.

Idan kana so a ɗauki ra'ayinka da muhimmanci, ka kalli fim ɗin sau biyu. A karo na farko ka bi labarin kawai, a na biyu ka riƙe biro da takarda, ka duba ko ƙarshen ya samo asali daga abin da aka shuka tun farko, domin a nan ne fina-finanmu da yawa suke tuntuɓe: a tsunduma jarumi cikin talauci, kwatsam gado ya faɗo masa daga wani kawu da ba a taɓa ambata ba. Sannan ka kasa kunne ga sauti. Idan ƙarar janareta ta danne muryar uwa tana yi wa 'yarta faɗa, ka faɗi wannan aibin tare da mintin da ya faru, haka nan idan ka ga majinyaciya kwance a gadon asibiti da jan baki rangaɗau.

Ka raba ɗan wasa da rawar da ya taka. Ni abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a zagi jaruma saboda ta fito a muguwar kishiya, alhali ƙwarewarta ce ta sa aka ji haushinta, kuma yabo ya kamace ta. Waƙa kuwa, ka duba ko ta ciyar da labarin gaba ko cusa ta aka yi.