Yadda za ka yi zayyanar farin yaɗo irin ta mutanen Italiya

Zayyanar allo nake yi wa masu sauka a nan Katsina, shi ya sa adon littattafan hannu na Italiya ya shiga raina, musamman wanda ya yi tashe a birnin Fulorens a ƙarni na 15: babban harafi na zinariya, farin yaɗo ya nannaɗe shi.

Su a kan fatar tunkiya ko akuya suke yi, kai takarda mai kauri ta ishe ka. Fara da rubutu, ka bar wa harafin gurbi, don can ma sai marubuci ya gama ake miƙa wa mai ado. Fitar da harafin da fensir, yaɗon yana shiga yana fita ta cikinsa, sannan ka bi da siririn alƙalamin gamba.

Zinariya kafin kala, kada ka sauya wannan. In ka fara da kala, ganyen zinariyar, wato zinariyar da aka buga ta zama siririn falle, zai manne mata, guga kuma ta ɓata ta. Kwaɓa garin alli mai laushi da ruwan ƙaro da ɗigon zuma, ka shafa a kan harafin ya ɗan yi tudu. Ya bushe? To ka huce shi da numfashinka a hankali, ka ɗora ganyen tun damshin bai tafi ba. Kashe fanka tukuna, ganyen nan ko tari ka yi sai ya tashi. Cennino Cennini, mai zanen da ya rubuta sirrin sana'ar wajen 1400, ya ce a jira yanayi mai damshi. Gaskiyarsa. Da hunturu sai dai da asuba, damina kuwa ta fi. Mutanen Italiya da haƙorin kare ko dutse mai santsi suke goge zinariyar, ni dutsen zobe nake sa wa.

Yaɗon nan ba a shafa masa fari, abin da na fi ƙauna ke nan. Farin takardar ake bari, a cike tsakaninsa da shuɗi da kore da ruwan hoda, sai ka ga ya taso da kansa. Shuɗinsu mafi tsada daga dutsen lazuli na Badakshan a Afganistan ake niƙo shi, don haka ba a almubazzaranci da shi. Dama kalarka da ƙaro ko ruwan farin ƙwai da aka kaɗa ya kwana. In ta bushe, ɗiga fararen ɗigo uku-uku a kanta da bakin alƙalami.