Kafin ka huda salansa: yadda nake gyara tsohuwar BMW E46

Ranar da na karɓi makullin BMW 325i ɗina, ƙirar 2003, ɗaya daga cikin jerin da ake kira E46, abin da na fara saya shi ne rim inci 19 da salansa mai ƙara. Ko wata biyu ba a rufa ba, ina kan hanyar Zariya da tsakar rana, allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Tankin ruwan nan na roba ne ya tsage. Na tsaya bakin titi ina kallon rim ɗina masu sheƙi, su ma suna kallona. Tun ranar na sake tsarin kashe kuɗi, kuma shi nake ba duk ƙanin da ya zo da tambaya.

A Turai da Amurka, in ana zancen motar gudu mai sauƙin kuɗi, Mazda MX-5 ake fara kira, wadda ta fito tun 1989, sai Nissan 350Z, sai Toyota 86 ta 2012. Duk motoci ne masu daɗin tuƙi, amma shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka neman kayansu ka ga yadda za a yi ta tura ka daga shago zuwa shago. E46 kuwa, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2006, kayanta na nan birjik, tayoyin baya ke tura ta, kuma 325i da 330i injinsu silinda shida ne a jere. Ta farko tana da ƙarfin doki kusan 190, ta biyu kusan 230. In ka dace da mai giyar hannu, kada ka ja ciniki.

Sai dai kafin ka biya, a hau da ita kan rami, ka shiga da tocila ka duba inda ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya ya haɗu da bodi. Wurin yana tsagewa a wannan ƙirar. In ka ga tsaga, yi wa dillali sallama.

Kuɗinka na farko na ruwa ne. Tankin ruwa, famfon ruwa, tamostat (mai daidaita zafin injin) da tiyo, canja su gaba ɗaya ko da ba su nuna alamar komai ba, domin roba ce ta sha zafin shekara ashirin. A nan ne bakanike zai ce maka, "Oga, mu cire tamostat kawai, mu haɗa fanka kai tsaye, ai ƙasarmu akwai zafi." Kada ka yarda. Injin yana da zafin da yake son aiki a kai; in bai kai ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta yi ta zuba masa mai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wa ke da man da zai yi wannan sadaka? Ka zuba ruwan lagireto na gaske, ba na rijiya ba. Kan injin na alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi.

Daga nan sai taya. Ni na koma inci 17, mai lamba 225/45, kuma motar ta fi kama kwalta fiye da lokacin da take kan 19, ga ta daina jijjiga mini ƙugu a kowane rami. In za ka sayi 'yar Beljiyam, nemi lambobi huɗu a jikinta: 2319 na nufin sati na 23 na 2019. Wadda ta tsufa, ko zanenta na nan, robar ta bushe.

Birki: fad mai kyau, da man DOT 4 sabo duk shekara biyu. In sitiyari na rawa idan ka taka birki, duba bushin ɗin hannun ƙafar gaba kafin ka zargi farantin birki. Shokozoba ma a canja. Amma yanke sifirin don mota ta kwanta ƙasa, wannan ganganci ne; tudun rage gudu na farko a unguwarku zai gaisa da kaskon baƙin mai.

Sai a ƙarshe ƙara. Ba na ƙin salansa mai murya, silinda shidan nan muryarsa da daɗi, amma tukunyar baya kaɗai za ka canja. Abin nan mai tace hayaƙi da kanikawa ke kira indomi, bar shi, kuma ka tsaya a kan motarka in ana aiki a ƙarƙashi, don yana da masu saye. Matatar iska buɗaɗɗiya da ake ɗaurawa tsirara a cikin bonet iska mai zafi take sha, ga ƙurar hunturu. Akwatin kamfani ya fi ta. Taɓa kwamfuta kuma, a injin da ba shi da turbo, ɗan abin da zai ƙaru ba za ka ji shi a ƙafarka ba.

Rim ɗin nan na 19 suna nan jingine a zaure. Biyu sun lanƙwashe, ɗaya kaji sun mayar da shi wurin ƙwai.