Yadda ake fitar da inuwa da fensir: fara da ƙwai ɗaya

Zanen mai koyo yakan fito toka-toka ko'ina, babu fari tas, babu baƙi wuluk. Yawanci fensir ɗaya aka ɗora wa aikin huɗu.

Bakin fensir girafait ne, wato baƙin ma'adinin da ke barin layi a takarda, da aka cuɗa da yumɓu. Mai harafin H ya fi yumɓu, don haka ya fi tauri, layinsa kuma ba ya duhu. Mai B ya fi laushi da baƙi, HB kuwa na tsakiya ne; girman lambar da ke tare da harafin na nuna yawan taurin ko laushin. Tanadi 2H, HB, 2B da 6B, da kilina, da takarda mai ɗan kaushi, domin a ramukanta girafait ke zama.

Da farko zana gidaje 7 a jere. Bar na farko fari, cike na ƙarshe da 6B, sauran su yi ta ƙara duhu sannu a hankali. Da wannan ma'aunin za ka riƙa gwada zanenka.

Sai ka ajiye ƙwai a kan farar takarda, ka haska shi da tocila daga gefe ɗaya. Ɗan kanne idanunka: ƙananan abubuwa za su ɓace, haske da duhu kawai za su rage. Inda haske ya fi bugawa kada fensir ya taɓa. Shafa 2H a sauran jikin, kana riƙe da fensirin daga can baya, a kwance. Bi da HB inda ƙwan ya fara juya wa haske baya, sannan 2B a tsakiyar inuwar.

Nan ake yawan kuskure. Ƙasan ƙwan yana samun ɗan hasken da takarda ta maido, amma wannan hasken na cikin inuwa ne. In ka bar shi fari, ƙwan zai baje, ya daina kama da abu mulmulalle. Wuri mafi duhu shi ne inda ƙwan ya taɓa takarda. Nan kaɗai 6B zai shiga sosai, inuwar tana sassautawa yayin da take nisa.

Kada ka danne don neman baƙi. Dannewa na murƙushe kaushin takarda, wurin ya yi ƙyalli, ya ƙi karɓar wani shafi. Maimaita shafi uku ko huɗu marasa nauyi, kowanne ta wata fuska. Wajen sajewa ɗauki auduga ko nannaɗaɗɗiyar takarda, ban da yatsa, don maiƙonsa na barin tabon da kilina ba ya cirewa. Sa wata takarda ƙarƙashin hannunka kana aiki.